Ranar da Na Hana Iya Tsallake Ɗiyata

A garinmu, in ciwo ya kama mutum da ƙarfi har ya fara surutai, masu zaman jinya sukan kasa kunne su ji sunan da zai fito daga bakinsa. Duk wanda ya kira, to shi ne ya kama masa kurwa. Maganin kuwa tun kakanni ɗaya ne. Za a fito da majinyacin tsakar gida a kwantar da shi a tabarma, wanda ake zargi ya zo ya tsallake shi a gaban jama'a, a ce ya saki abin da ya riƙe. In yaro ne ba shi da lafiya, uwarsa ce ke shimfiɗa tabarmar da hannunta. In uwa ba ta shimfiɗa ba, ba wanda zai taɓa.

Na ga an yi wa wata mata haka ina yarinya. Ta tsallaka tana kuka, yaron ya warke, kuma daga ranar ba wanda ya ƙara shan ruwa a randarta. Yara suka riƙa jifan ƙofarta. Kafin damina ta kama ta shiga jirgin ruwa da ƙullin kayanta, ba mu sake jin labarinta ba.

Garin namu ƙarami ne, a bakin ruwa yake, cikin ƙasar Ngaski. Shi ne wanda aka gina wa iyayenmu bayan ruwan dam ya cinye tsohon gari. Akwai masallaci, akwai ƙaramar cocinmu ta Katolika, akwai kuma masu bin gargajiya, sau da yawa duk a cikin gida ɗaya. Gidan da na yi aure haka yake. Mijina da yayansa 'yan coci ne, yayan ma shi ke buga mana ƙarfen shiga sujada ran Lahadi. Ƙannensu biyu sun musulunta. Sai Iya, wadda ta ce ita inda ta iske iyayenta nan za ta tsaya.

Iya matar ƙanen surukina ce. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yan da ta haifa duk sun koma tun suna ƙanana. Ɗakinta na can ƙarshen gida, kusa da murhun banda, domin sana'arta ke nan, bandar kifi. Tarwaɗarta har daga Yelwa ake aiko a saya. Hayaƙin shekara da shekaru ya mayar da idanunta jajawur, ga baki, ba ta raga wa kowa. In muka fito za mu coci sai ta leƙo ta ce, "Ku gaishe min da Fada. Ku ce mishi shi bar ba ku ɗan burodin ga da ba ya kai wa maƙoshi, shi dahwa muku tuwo."

Ɗiyata auta ce kaɗai ke iya mata. Da ta dawo makaranta, ko rigar ba ta cirewa, sai wajen banda. Tana juya mata kifi, tana tsinkar na gefe tana kaiwa baki. Iya ta sa mata suna Kyanwa.

"Kyanwa, wutsiyar tarwaɗar ga ina ta tahi?"

"Wuta ta cinye, Tsohuwa."

"Wutar ga tana da haƙora, ashe. Matso in duba bakin wutar."

Haka suke yini. In na kira ta cin tuwo sai ta ce ta ƙoshi, ni kuwa na san inda ta ƙoshi.

Shekarar da abin ya faru, cikin bazara ne, muna tsakiyar azumin coci. Zafi ya yi zafi, ɗaki kamar tanderu. Mijina ya bi abokansa kamun kifi can ƙasan ruwa, inda waya ba ta shiga. Yarinya ta dawo makaranta tana cewa kanta na ciwo. Na karɓo mata ƙwaya a kemis, ta sha ta kwanta. Washegari sai amai, jiki kamar garwashi, wuya ya sandare, in na ɗaga kanta sai ta ƙwalla ƙara. Na ruga bakin ruwa neman mai jirgin inji da ke kai mutane Wara, aka ce ya ɗauki albasa tun asuba, sai la'asar zai dawo. Hanyar mota kuwa ta yi mana nisa, yarinyar da ba ta iya zama ba za ta hau babur ba.

Wajen hantsi ta fara surutai. Ido a rufe, leɓe a bushe, sai "Iya, Iya, Iya." Ba ta ce komai bayan wannan ba.

Faccalata, matar yayan mijina, tana zaune kusa da ni tana yi mata fifita. Na ga hannunta ya tsaya. Ta ajiye maficin a hankali, ta tashi ta fita ba ta dube ni ba. Nan take na san inda ta nufa.

Ba a jima ba mijinta, Yaya, ya yi sallama a ƙofar ɗaki. Ina so a san wannan mutum ba mugu ba ne. Shi ya riƙe yarinyar nan ranar baftismarta, shi ke saya mata takalmin Kirsimeti. Da ya leƙo ya gan ta, idonsa ya cika da hawaye.

Ya ce, "Uwar yara, kin ji da kunnenki."

Na ce, "Na ji, Yaya. Ai kullum tare suke. Wa za ta kira?"

"Mi ya hana ta kira ki? Ke kinka haife ta." Ya sassauta murya. "Ba duka za a yi ba, ba kora. Ta tsallaka kawai, shi ke nan. Asibiti ma ba mu hana ba, jirgi na zuwa ni zan kai ku. Amma allura ba ta kama jikin da ba kurwa. Ƙanena ba shi nan, in wani abu ya samu yarinyar ga mi zan ce mishi? Ki shimfiɗa tabarma, ki hutar da mu."

Na ce ya ba ni lokaci kaɗan. Ya ce kafin jirgi ya iso.

Tambayarsa ta zauna mini a ƙirji. Me ya hana ta kira ni? Na dubi yarinyata, na tuna jajayen idanun Iya, na tuna 'ya'yanta da suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Uwar da ɗanta ke kwance ba ta da ƙarfin musun komai. In da an ce mini in ci ƙasa ta warke, da na ci. To mene ne tsallake? Ɗaga ƙafa ne a sauke. Amma duk lokacin da na kai ido ga tabarmar da ke jingine a bango, sai wani abu a cikina ya ce a'a, a hankali, ba da faɗa ba.

Na bar babbar ɗiyata a wurinta, na tafi gidan katikis, malamin cocinmu. Fada, limamin cocin, ba ya zaune a garinmu, sai lokaci lokaci yake zuwa, katikis ke riƙe da mu. Dattijo ne, shi ya koya mana karatu a ajin yaƙi da jahilci. Na same shi a rumfa yana ware ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau. Labari ya riga ni isa.

Na durƙusa na ce, "Malam, ka gaya min abin da zan yi."

Ya ture kwandon gefe. Ya ce, "Ɗiyata, ke kin ga Iya ta yi wa yarinyar ga wani abu?"

"Ban gani ba."

"Wani ya gani?"

"Ba wanda ya gani. Sunanta dai take kira."

Sai ya ce abin da ya sha gaya mana a aji, amma ranar ne na ji shi da kyau. Ya ce mugun abu iri biyu ne a duniya. Akwai wanda ke faɗo wa mutum, kamar ciwo da ambaliya da fari, wannan wahala ce, ba zunubin kowa ba ne, kuma ba dole sai an samo wanda ya aiko shi ba. Akwai kuma wanda mutum ke yi da saninsa da yardarsa, wannan shi ne zunubi. Ya ce, "Na farko ya riga ya shigo ɗakinki ba ki gayyace shi ba. Na biyu shina bakin ƙofa, shi kuwa sai kin buɗe mishi."

Na ce, "In kuma gaskiya ne hwa, Malam? Ai Shaiɗan na nan."

"Shina nan, ban ce babu shi ba. Amma in ya samu gida guda ya taru a kan tsohuwa marar kowa, ai ya gama aikinshi na yau, ba shi bukatar kama kurwa." Ya ce Ikkilisiya, wato coci, ta koya mana ba a aikata mugunta don alheri ya fito daga ciki, ko da alherin ran ɗa ne. Ɗora wa mutum laifin da ba a ga ya yi ba shaidar zur ce, ko da baki ba a yi ta ba, ko da tabarma aka yi ta.

Sai na yi tambayar da ta kawo ni. "In na ƙi, za ta tashi?"

Ya dube ni. "Ban sani ba. In na ce miki za ta tashi, na yi miki ƙarya. Ni zan tahi wurin yayan mijinki yanzu in gaya mishi abin da na gaya miki. Amma tabarmar a hannunki take. Allah ya sa wa kowa lamiri a cikinshi, murya ce da ba ta ihu. Taki ta riga ta yi magana, in ba haka ba da ba ki zo nan cikin ranar ga ba."

Na dawo gida ba tare da sauƙin da na je nema ba. Tsakar gida ta fara cika, mata a gindin bango, maza a bakin zaure. Na wuce su na shiga ɗaki, na ɗauki rosari, carbinmu na coci, amma ko addu'a ɗaya ban iya kaiwa ƙarshe ba. Sai in fara, sai nishin yarinya ya katse ni.

Ina nan sai inuwa ta rufe ƙofa, warin hayaƙi ya shigo. Iya ce. Ta ɗaura zanenta na fita unguwa, wanda ba ta sawa sai da dalili. Ta tsaya ta daɗe tana kallon yarinyar.

Ta ce, "Mi kike jira? Tashi ki shimfiɗa."

Na ce, "Iya!"

"Na ji duk abin da suke cewa, kunnena bai mutu ba. Tashi. In tsallakewata za ta sa Kyanwa ta buɗe ido, sai in tsallaka har ƙafata ta gaji."

Na ce, "Iya, ke kinka kama ta?"

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Da ina da wannan iko, da nawa na fara riƙewa kada su tahi."

"To don mi za ki amsa abin da ba ki yi ba? Kin san abin da ka biyo baya."

"Na sani. Ni na tsufa, ɗiyata. Kwana nawa ya rage min? In ta warke su ce mayya, in tahi inda Allah ya kai ni. In kinka ƙi kuma ta mutu, ke za su ci da baki har ki shiga kabari. Ke kina da sauran rayuwa a gidan ga. Bar ni in ɗauka."

Har yau ban manta da wannan magana ba. Da ta zo da zagi ko da rantsuwa, wataƙila da shakkata ta ƙaru. Amma ga matar da ake cewa tana cin ɗiyata, ta zo ta miƙa kanta a ci. Abin ya zama mini mafi wuya, domin yanzu ba wanda za a tilasta. Ita ta yarda, gida ya yarda, ni kaɗai na rage. Sai na ga a fili cewa yardarta ba ta mayar da ƙaryar gaskiya ba. In na shimfiɗa tabarmar nan, hannuna ya ce Iya mayya ce, alhali zuciyata ta san ba haka ba ne. Kuma yarinyar nan, in ta rayu, za ta girma da sanin cewa da sunanta aka kori wadda ta fi so.

Daga nesa na ji ƙarar inji a kan ruwa.

Na tashi na ɗauki tabarmar. Na ce wa babbar ɗiyata ta ɗora mini ƙanwarta a baya, ta tallafe mata kai. Da na fito tsakar gida, mutane suka ja da baya suka bar fili a tsakiya. Na zo daidai filin, na wuce shi da tabarmata a naɗe a hammata.

Yaya ya sha gabana. "Uwar yara, ina za ki?"

Ni ba mai ɗaga murya ba ce, ban kuwa ɗaga ba. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri. A jirgi zan shimfiɗa ta."

"Kin san abin da kike ɗauka a kanki?"

"Na sani. In Allah ya karɓe ta, ni zan gaya wa ubanta da bakina cewa ni na hana." Na juya na ce, "Iya, taho ki riƙe min kanta."

Na san in na bar ta a gida, kuma mummunan labari ya zo daga Wara, ba za ta kwana lafiya ba. Wata mata ta ce, "Yau ga abin mamaki, da ita za ki tahi?" Na ci gaba da tafiya. Katikis ya fito daga cikin maza ya bi bayanmu har bakin ruwa, tafiya kawai yake yi a tsakaninmu da jama'a.

Mai jirgin Musulmi ne, mutumin kirki mai son raha. Wani ya matsa ya raɗa masa a kunne. Ya dubi Iya sama da ƙasa ya ce, "To, Iya, in gaskiya ne kina kama kurwa, don Allah ki kama min ta injin ga, kullum sai ta tsere min a tsakiyar ruwa. Ku shigo, bismillah." Iya ta ce, "Ja jirginka, ɗan banza, ka bar surutu." Ya ture buhunan da ya dawo da su, na shimfiɗa tabarmar a cikin jirgi muka kwantar da ita. Har an tura jirgin sai ga Yaya ya shiga ruwa da wandonsa ya haye. Ya zauna a can gaba ya ba mu baya.

A asibitin Wara suka ce sanƙarau ne, suka ce bana ya yi yawa a ƙauyukan bakin ruwa. Aka sa mata ƙarin ruwa, aka fara allurai. Likita bai yi mana alkawarin komai ba.

Kwanakin da muka yi a can sun haɗe mini, ban iya rarrabe su. Abin da na riƙe shi ne gadon da ke kusa da namu. Wata mata ce daga wajen Shanga, Musulma, da ɗanta mai irin ciwon. Muka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya. In ta tashi salla ni ke duba nata, in na fita wanki ita ke duba tawa. Tana jan carbinta ina jan nawa. Wata safiya ɗanta ya cika. Ta rufe shi da mayafinta, ta naɗe kayanta, kafin ta fita ta dafa ƙafar ɗiyata ta ce, "Allah shi tashi taki." Wannan mata ba ta gaza ni addu'a ba, ba ta gaza ni son ɗa ba. Tun daga ranar ban taɓa yarda wani ya ce mini Allah ya biya ni ne don na yi daidai ba.

Ranar ce kuma Fada ya zo duba marasa lafiya. Ya yi wa yarinyar addu'a, ya shafa mata mai a goshi da tafin hannu. Iya ta matso tana leƙe ta ce, "Man gyaɗa ne?" Ya ce na zaitun ne. Ta ce, "To ka ƙara mata, kada ka yi rowa irin ta burodi." Fada ya yi dariya har ya cire tabarau.

Ni kuwa zuciyata na kan gadon da ya zama fanko. Na ce, "Fada, yaron can mi ya yi? Tawa mi ta yi?"

Ya ce, "Ba su yi komai ba, Mama." Ya zauna a bakin gadon. Ya ce shi ma ya yi shekaru yana karatu, bai samu amsar da za ta ishi uwa ba. Abin da ya sani, Allah bai halicci ciwo don ya ji daɗin kukanmu ba, kuma ba kowace wahala ce horo ba. Ubangijinmu da kansa marar laifi ne, aka taru aka ɗora masa abin da bai yi ba, uwarsa na tsaye tana kallo ba ta iya sauko da shi daga kan gicciye. Ya ce, "Tun daga ranar, ba mai shan wahala shi kaɗai. In kin kasa addu'a, ki ce mishi ga tawa, haɗa da taka. Shi ya san abin da zai yi da ita."

Iya na jin mu. Ta ce, "Ashe naku ma sharri anka yi mishi."

Fada ya ce, "Sharri anka yi mishi, Iya."

Ta gyaɗa kai ta ce, "Uwar tashi ta ga abu." Ta ci gaba da jiƙa tsumma tana goga wa yarinya a wuya.

Wata rana da hantsi, ina wanke kwano a waje, Iya ta ƙwalla mini kira da irin muryar da take korar akuya. Na shigo a guje. Na iske yarinya ido biyu, tana kallon rufi. Ta juyo a hankali ta dubi Iya, ta ce da 'yar murya, "Tsohuwa, kin zo da kifi?"

Na zauna a ƙasa. Wani nauyi da ban san ina ɗauke da shi ba ya sauka daga wuyana har yatsun ƙafa. Iya kuwa, da ban taɓa ganin hawayenta ba, ta juya wa bango fuska tana cewa, "Ku ji min ɓarauniya. Daga tashi sai kifi."

Ciwon bai tafi hannu wofi ba, ya tafi da kunnenta na hagu. Har yau in za ka yi mata magana sai ka koma dama. Na yi kukan wannan ma, daga baya na saba, ita ma ta saba. Takan ce kunnen faɗa ne ya mutu, na jin alheri yana nan.

Mijina ya iso bayan saƙo ya same shi. Na gaya masa komai da bakina kamar yadda na ce zan yi. Da na gama ya ce, "Da ni ina nan, ban san abin da zan yi ba." Na ji daɗin da bai yi mini ƙarya ba.

Yaya kuwa duk kwanakin nan yana Wara, a gindin wata bishiya a harabar asibiti yake yini. Shi ke sayo magani, shi ke kawo koko da safe, amma bai taɓa shigowa ɗakin in Iya na ciki ba. Ranar da aka sallame mu, muna jiran jirgi a bakin ruwa, sai ya zo ya durƙusa a gabanta har ƙasa, babban mutum da furfurarsa. Ya ce, "Iya, ina gajiya?"

Ta dube shi ta ce, "Gajiya ta bi lafiya. Tashi, kana ɓata wando." Iyakar abin da suka ce wa juna ke nan, kuma ya isa.

Ba zan ce bakin mutane ya rufu duka ba. Akwai waɗanda suka ce ai a cikin jirgi ta sake ta a ɓoye. Amma magana ce ta bayan ɗaki, ba ta da inda za ta tsaya, tunda Iya ba ta tsallaka ba, ba wanda ya ga ta amsa. Ranar da ta sake hura wutar banda, Yaya ne ya fara zuwa. Ya zaɓi babbar tarwaɗa, ya zauna a bakin zaure inda kowa ke wucewa, ya cinye ta har kai. Faccalata ta aika a karɓo mata na miya. Kafin sati ya zagayo masu saye daga Yelwa sun dawo.

Nakan tambayi kaina, da yarinyar ta mutu fa? Na san da na sha wuya a gidan nan, wataƙila da ban iya zama ba. Amma ko a kwanakin da likita ke girgiza kai, da na duba cikina ban iske nadama ba. Tsoro na iske, da baƙin ciki, amma wurin da muryar nan take ya yi shiru, irin shirun wanda aka ji maganarsa. Wannan sauƙin ya riga warkewar zuwa, kuma dabam yake da ita.

Iya ta ƙara shekaru masu dama. Ba ta shiga coci ba har ta rasu, ba ta kuma fasa aika wa Fada saƙon tuwo ba. A ɗakinta ta cika, da rana tsaka, Kyanwa na riƙe da hannunta, lokacin ta zama budurwa. Gida ya cika da masu gaisuwa, na masallaci da na coci da na gargajiya, mai jirgi ma ya zo ya ce har ta tafi ba ta kama masa kurwar inji ba.

Tabarmar kuwa mun dawo da ita daga Wara. Da yamma ranar da muka iso, na shimfiɗa ta a tsakar gida, daidai filin nan da aka bar mini, don yarinya ta sha iska. Iya ta fito daga ɗakinta da kifi a faranti. Ta zo bakin tabarmar ta tsaya, yarinya na kwance a tsakaninta da inda za ta zauna. Sai ta zagaya ta can ta wajen ƙafa, a hankali, tana dafa gwiwa, ta zauna ta ɓangaren kunnen dama.